Ɗan Caca a Ɗakin Halwa: Daga Illela Zuwa Dajin Amazon

Akwai wani labari da ya yawaita a 'yan shekarun nan tsakanin ƙwararrun 'yan caca na Amurka da Turai, waɗanda ba su da wata sana'a sai kartar nan da ake kira foka. Mutum zai shekara goma a bakin tebur ko a gaban kwamfuta, yana cinye kuɗin waɗanda ba su kai shi iya lissafi da ɓoye fuska ba. Ran nan sai barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, ya ga ko ya ci ko an cinye shi duk ɗaya ne. Sai ya yanki tikitin jirgi zuwa ƙasar Peru, ya sauka a birnin Ikitos, a sa shi a kwalekwale zuwa wani sansani a cikin dajin Amazon. A can zai yi mako ɗaya ko biyu ba gishiri, ba sukari, ba giya, ba mace, da dare kuma a ba shi wani baƙin tsimi mai ɗaci da ake kira ayawaska. In ya dawo sai ya ce ya zama wani mutum daban: kuɗi sun ƙanƙance a idonsa, tsoron asara ya sake shi, kuma a karon farko ya dubi wanda ke zaune a ɗaya gefen tebur ya ga ɗan Adam ne mai iyali.

Kada mu raina ciwon da ke kai su can. Tun da aka fara babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas a 1970, ba a yi gwani kamar Stu Ungar ba. Ya lashe ta a 1980 da 1981, ya sake lashe ta a 1997 ya karɓi dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ɗan ƙaramin masauki mai araha a birnin, yana da shekara 45, hodar iblis ta gama da jikinsa, dukiyar kuma ta bi ruwa. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbin shiga gasar ta hanyar buga karta a intanet, ya ci dala miliyan 2.5. Daga nan dubban samari suka ajiye karatu da aiki suka rungumi karta. Cikin waɗancan samari ne, yanzu da furfura ta fara leƙo musu, ake samun masu tafiya Amazon neman abin da zai wanke musu zuciya.

Shi wannan tsimi haɗin tsirrai biyu ne. Akwai ganyen wani ɗan itace mai ɗauke da sinadarin da ke sa mutum gane-gane, amma in an sha shi shi kaɗai ciki na kashe ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sai kuma wata igiyar daji mai nannaɗe bishiyoyi, wadda aikinta shi ne ta hana ciki yin wannan kisa. A dafa su tare na sa'o'i masu yawa har ruwan ya yi kauri. Wanda ya sha zai yi amai, wani har da gudawa, sannan ya yi sa'o'i yana ganin abubuwa, mai maganin na rera masa waƙa cikin duhu. Ƙabilun dajin, irin su Shifibo, sun daɗe da saninsa kafin wani Baturen Ingila masanin tsirrai, Richard Spruce, ya ci karo da igiyar a 1851. A 2008 gwamnatin Peru ta sa shi cikin kayan gadon ƙasa.

Mu da muka san hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Gwadabawa ta faɗa Illela, sannan ta tsallaka zuwa Birnin Ƙonni, bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba. Ɗan cacan da ya gaji da kansa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa don ya fito wani mutum, tsohon maƙwabcinmu ne. Abin da ya bambanta shi ne ma'aunin da kakanninmu suke auna fitowarsa da shi.

Caca ta girmi iyakar da ke tsakanin Illela da Ƙonni nesa ba kusa ba. Tun zamanin da wuri ne kuɗi, da shi ake ciniki kuma da shi ake caca: a shimfiɗa tabarma a bayan kasuwa, a watsa wuri, a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka faɗi rigingine. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne, kayan da sai ƙato ke ɗauka. Ke nan mai caca a wancan zamani yana ganin asararsa da ido, ana kwashe ta da hannu a gabansa, kuma ya san wanda ya kwashe. Da Turawa suka zo, Faransawa suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899, Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, aka zauna aka ja layi tsakanin 1906 da 1908, sai dangi ɗaya ya wayi gari da hukuma biyu da kuɗi iri biyu. Nan sule da sisi da taro, can tamma da dala. Wuri ya mutu, karta ta gaje shi. Kasuwar Illela ta ranar Lahadi, wadda mutanen ƙauyuka irin su Lafani da Kalmalo da Araba ke ci, ta zama wurin da manomi ke riƙe kuɗin sa ko na buhunan albasa a aljihu na 'yan sa'o'i kafin ya koma gida. Duk inda aka samu irin waɗannan 'yan sa'o'i, a kowace kasuwa ta duniya, akwai mai tabarma yana jira a inuwa.

Tsohon addinin ƙasar nan bai ɗauki caca a matsayin raunin hali kawai ba. Ya ba ta suna da fuska. Cikin iskokin bori akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki kyakkyawa, mai son ado da turare da mata, ɗan caca na ƙin ƙari, wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Wannan yanki kuwa cibiyar bori ne tun fil azal. Gobir na da Inna, wadda ke shugabantar 'yan bori a fada, kuma har yau a Masalata, kusa da Ƙonni, arna na taruwa duk shekara su duba abin da damina za ta zo da shi. In saurayi ya lalace da almubazzaranci, ya sayar da akuyar uwarsa ya kai tabarma, 'yan bori kan ce ba shi kaɗai ba ne, akwai mai hawansa. Maganin shi ne girka: a keɓe shi kwana da kwanaki, a yi ta ba shi jiƙe-jiƙe da turare, ana kaɗa garaya ko goge, har iskan ya bayyana ya faɗi abin da yake so.

Duk wanda ya karanta yadda ake kwana a sansanonin Peru zai ga kamar girka ake ba shi labari: keɓewa, hana wasu abinci, saiwa da ganye, kiɗa cikin dare, da wani gwani da ke riƙe da linzami. Amma ga inda suka rabu. Girka ba ta korar iska, sulhu take yi da shi, kuma sulhun na da farashi har ƙarshen rai. Wanda aka girka ya shiga wata jama'a mai shugabanni, da bikin da dole ya halarta, da yanka, da tufafin da zai tanada. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokin Ɗan Galadima kuwa, in iskan ya hau shi a fage, abin da aka san shi da shi shi ne kyauta: abin da ya shigo hannunsa sai ya rabar wa makaɗa da 'yan kallo. Hannun da ya saba kwasa an mai da shi hannun rabawa, a bainar jama'a.

Malaman jihadi sun yaƙi bori, kuma ba su yi wa caca sassauci ba, tunda Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya haɗa ta da giya a hani guda. Sai dai su ma sun san ɗakin da ake rufewa. Ɗagel, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa, tana nan kudu da Illela a ƙasar Gwadabawa. Shehu Baƙadire ne, kuma cikin silsilolin da ya karɓa ta hannun malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har da ta Halwatiyya, ɗariƙar da sunanta ma daga halwa ya fito. Shi da kansa ya ba da labarin abin da aka nuna masa yana da shekara 40, wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Shekara goma bayan haka, a watan Fabrairu na 1804, aka yi hijira zuwa Gudu, kuma kafin a gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci. Gani a wurinsu ba abin hira ba ne. Nauyi ne da ake sauke shi a kan ƙasa, da ƙafa da dukiya da rai.

Halwa kamar yadda ta sauko mana a zaurukan malamai tana da ƙa'idoji masu tsauri. Ba a shiga sai da izinin shehi. Ɗaki ne ƙarami mai duhu, kwana 3 ko 7 ko 40, abinci ɗan kaɗan, barci ɗan kaɗan, magana babu sai wuridin da aka ƙayyade. Kowa a garuruwanmu ya taɓa jin labarin wanda ya shiga ba izini ya fito yana surutai. Malaman sun san cewa yunwa da duhu da rashin barci na buɗe wa mutum ƙofofin gani ko ba tare da ya sha komai ba, shi ya sa suke gargaɗin almajiri kada ya ruɗu da abin da ya gani, ya kawo wa shehinsa a tantance. (Ba mu manta ba cewa akwai masu shiga halwa don neman duniya tsagwaronta, har da 'yan cacan da ke biyan malamin tsibbu ya shiga a madadinsu ya samo musu sa'a. Wannan kam an sayar da kare ne an sayi biri.)

Abin da ya fi jan hankalinmu a nan shi ne abin da ake nema daga ɗan caca kafin a ce ya tuba. Yaron makarantar allo ma ya san sharuɗɗan: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. In laifin ya shafi haƙƙin wani kuwa akwai na huɗu, wato ya mayar wa mai abu abinsa. Ukun farko a zuciya suke, ba mai iya leƙa su. Na huɗun shi ne wanda gari ke gani. Kuɗin caca ba riba ba ce da ta tsiro daga ƙasa ko ta fito daga gumi, aljihun wani ne ya koma aljihun wani. Saboda haka ɗan cacan da ya fito daga zauren malam da hawaye, aikin da ke gabansa shi ne ya bi gida gida: ga kuɗin ragon da na cinye maka ranar kasuwa, ga abin da ya hana ka biyan sadaki bara. Imamu Gazali, wanda ake karanta littattafansa a zaurukan Sakkwato har gobe, da ya bar kujerarsa ta babban malami a Bagadaza a 1095 zai tafi keɓewa a Dimashƙa, sai da ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa kawai. Hannu ya fara buɗewa kafin ƙofar ɗaki ta rufe.

To, a nan ne labaran 'yan foka ke ba mu mamaki. Sukan yi dogon bayani a kan macizai masu launi da suka gani, da yadda suka yi kuka suka yafe wa iyayensu. Wasu sun bar karta, gaskiya ne, kuma ba ma shakkar cewa sauƙin da suka samu na gaske ne. Amma da yawa sukan koma tebur, har su ce yanzu sun fi iya wasa, domin fushi da fargaba sun daina rinjayar lissafinsu. A yarensu, mai rauni da ake cinyewa sunansa kifi. Mutum ya tafi daji ya gano cewa kifi ɗan'uwansa ne, ya dawo da sabuwar fatsa. Da wuya ka ji wanda ya tambayi kansa kuɗin wa ya biya tikitin jirgin da su.

Laifin ba na mutanen Amazon ba ne. A wurinsu tsimin yana tafe da dangi da dattawa da dokokin zama. Ko a Burazil, inda wani baƙar fata jikan bayi, Raimundo Irineu Serra, ya kafa addinin Santo Daime a kan wannan abin sha cikin shekarun 1930, jama'a ce ake shiga da ayyukanta da horonta. Kasuwar baƙi ce ta yanke daren gani ta sayar da shi shi kaɗai, ta bar sauran. Kuma cinikin na da haɗari ga kowane ɓangare. Tsimin na iya yin mummunar illa ga mai shan wasu magungunan ciwon damuwa ko mai ciwon zuciya, an kuma samu baƙin da suka mutu a sansanoni. A watan Afrilu na 2018 aka harbe wata tsohuwa mai magani 'yar ƙabilar Shifibo, Olivia Arévalo, a ƙofar gidanta kusa da Pucallpa, mutanen gari kuma suka kashe wani ɗan Kanada da ya zo koyon magani, wanda suka zarga da kisan. Wasu masu dafa tsimin ma sukan ƙara masa ganyen wani tsiro don baƙo ya ga abin da ya biya kuɗi ya gani. Tsiron nan ɗan'uwan zaƙami ne na jini, wanda muke kira haukata-yaro, mai fitowa a jujinmu ba wanda ya shuka shi. Mun san aikinsa: maƙogwaro ya bushe, ido ya buɗe, yaro ya kwana yana kamun abin da babu, wani ya farfaɗo wani a kai shi makwanci. Ba mu taɓa jin wanda zaƙami ya sa ya biya bashi ba.

Hukuma ma ta gwada nata maganin, kuma a nan iyaka ta nuna halinta. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, Sakkwato ƙarƙashin Attahiru Bafarawa ta bi sahu a 2000. Aka rufe gidajen giya da na caca da na mata masu zaman kansu. Masu wannan harka da dama ba su tuba ba, kaya suka ɗaure. Daga Illela zuwa Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, can kuwa dokar ƙasa ba ta hana ba, hasali ma gwamnati na da kamfanin cacarta, Lonani, inda ake zuba kuɗi a kan dawakin da ke sukuwa a Faransa. Haka aka yi a gefen Katsina, inda ƙauyen Firji da ke kan hanyar Maraɗi ya yi suna. Mutanen Nijar ba su ji daɗin baƙin ba, kuma a tarzomar da aka yi a Maraɗi a watan Nuwamba na 2000 an ƙone mashaya da gidajen mata. Doka ta iya ɗage tabarma daga wannan inuwa zuwa waccan. Wanda ke zaune a kanta bai canja ba.

Yau tabarmar ta shige aljihu. Tun da kamfanoni irin su Bet9ja suka buɗe a 2013, saurayi a Lafani ba ya bukatar jiran Lahadi, ba ya bukatar babur zuwa Ƙonni. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Shinkafa ta tsaya, shanu sun tsaya, albasa ta ruɓe a mota, amma rufe iyakar bai hana caca a kan ƙwallon Ingila ba. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, a watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar, ba gwamnatin tarayya ba. Shago dai ana iya sa masa kwaɗo. Wayar da ke ƙarƙashin matashi ba ta da ƙofa.

Dubi yadda wannan saurayi yake kwana: ɗaki mai duhu, shi kaɗai, ba ci, ba barci, ba magana, ido a kan haske guda, leɓe na motsi da lissafi. Duk siffofin halwa sun cika, shehi ne kawai babu. In an ce masa ya keɓe don ya samu kansa, ai a keɓe yake tun bara. Ɗan cacan da ya fi shi gata, domin gari na ganinsa, matarsa ta san inuwar da yake zama, kawunsa na iya zuwa ya kama shi da hannu a gaban mutane.

Sharaɗi na huɗu ma ya shiga wani hali. Wanda ya ci a tabarmar kasuwa ya san ƙofar gidan wanda ya cinye, ya san sunan 'ya'yansa. Wanda ya ci a waya, kuɗin sun faɗo asusunsa ne daga wani kamfani a Legas, an tattaro su daga aljihun dubban mutane da ba zai taɓa gani ba, wataƙila har da ƙanensa da ke kwance a ɗaki na gaba. Malaman fiƙihu sun daɗe da amsa irin wannan tambaya: dukiyar haram da ba a san mai ita ba, a fitar da ita ga matalauta ko ayyukan amfanin jama'a, kuma mai fitarwa kada ya ƙirga ta cikin sadakarsa. Mafi yawan samarin ma ba su kai ga wannan matsala ba, domin ba su ci komai ba. Abin da ke wuyansu shi ne kuɗin takin da uba ya aike su saya, da jarin ƙosai na uwa, da bashin mai shagon cajin waya, kuma waɗannan duka suna nan cikin gari, ana haɗuwa da su a masallaci sau biyar a rana.